Suwaitar Auduga Mai Ratsin Baba: Kundin Aikin Saƙa

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Na tsai da shawara a kan rigar da zan saƙa wa ƙanwata kafin damina ta kankama: suwaita ce marar nauyi wadda ake zurawa ta ka, fara mai ratsin shuɗi, kuma da zaren auduga zalla. Duk wanda ya zauna a Jos ya san gurbin da irin wannan riga take cikewa. Garin yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka ko a watannin da Kano da Sakkwato suke fama da zafi, a nan da zarar an yi ruwa da la'asar sai iska ta sauya, mutum ya ji atamfa kaɗai ba ta ishe shi ba, alhali rigar sanyin hunturu ta yi masa yawa. Ƙanwata tana fita lacca da sassafe ta dawo bayan magariba, don haka abin da take bukata shi ne abin da zai tare mata iska a waɗannan lokuta biyu, da tsakar rana kuma ta naɗe shi ta sa a jaka ba tare da ya cika ta ba.

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa aikin, wato kada nauyin rigar ya wuce giram 350, kuma daga wannan sharaɗi ne sauran shawarwarin za su fito. Auduga tana da nauyi, ba ta kuma da halin gashin tumaki. Silin ulu yana da lanƙwasa a jikinsa tun yana bayan tunkiya, shi ya sa idan aka ja shi aka saki yakan koma yadda yake. Silin auduga kuwa idan ya miƙe ya miƙe ke nan, sai dai wanki ya dawo da shi. Rigar auduga mai nauyi ita ce take jan kanta da kanta, kafaɗa ta zazzago, wuya ya buɗe, tsawo ya yi ta ƙaruwa daga safe zuwa yamma.

Yawancin zaren da ke shagunan saƙa na roba ne, irin wanda ake yi wa jarirai shawul da hula da safa, kuma ba ya shan gumi. Kafin in biya kuɗi sai da na nemi a yanko mini ɗan guntu na kai shi bakin ashana. Auduga tana cin wuta da warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi da ke watsewa a tsakanin yatsu. Na roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Wanda na saya ya ci jarrabawar. Dunƙule takwas ne, kowanne giram 50 mai tsawon mita 170, siriri, mai ɗan sheƙi. Wannan sheƙi daga sarrafawar da ake yi wa zare ne da ruwan soda mai ƙarfi, dabarar da John Mercer na Lankasha a Ingila ya gano a 1844: silin yana kumbura, ƙarfinsa ya ƙaru, ya kuma fi karɓar rini. Wannan na ƙarshe shi ya fi jan hankalina, domin duka dunƙulen farare na saya da gangan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wannan makon ya tafi ne a kan takarda da fensir, ina zana faɗin ratsi. Suwaita fara mai ratsin shuɗi tana da asali sananne. A ranar 27 ga Maris, 1858, gwamnatin Faransa ta fitar da doka da ta shigar da irin wannan riga cikin kayan sojan ruwanta, har ta ƙayyade cewa jikin rigar zai ɗauki fararen ratsi 21, kowanne mai faɗin milimita 20, da shuɗɗa 20 ko 21 masu faɗin milimita 10. Ba adadin nake son kwaikwaya ba, rabon nake so: fari biyu, shuɗi ɗaya. Na gwada zana su daidai wa daida, sai na ga ido ba ya samun wurin hutawa, rigar kuma ta yi duhu; da fari ya ninka shuɗi kuwa, sai ta fito da hasken da ya dace da tufar zafi.

Shuɗin da nake so na baba ne. Na taso ina ganin zanen saƙi da gwado a ɗakin kakarmu, kuma ban taɓa ganin shuɗin kanti da ya kai na marina zurfi ba, musamman bayan ya sha wanki ya ɗan kwanta. Rini sana'a ce da Kano ta yi suna da ita tun da daɗewa, har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya iso birnin a 1851, ya rubuta cewa tufafin auduga da ake saƙawa a rina a can su ne ƙashin bayan kasuwancinsa. Ina ganin babu laifi zaren da aka kaɗa a wata ƙasa ya shiga wannan karofi, ya fito a yi masa saƙar allura.

Dunƙule uku na ware don rini. Ba a tsoma zare a dunƙule, domin ruwan ba zai kai cikinsa ba, saboda haka na warware kowanne a bayan kujeru biyu ya zama dogon zobe, na ɗaure shi sako-sako a wuri huɗu da farin zare. Dole ɗaurin ya zama sako-sako, in ba haka ba wurin zai fito fari, a sami adire inda ba a neme shi ba. Na dafa su da ɗan sabulu don fitar da maiƙon masana'anta, na shanya, sannan na ba wani ɗan'uwanmu da zai je Kano, tare da ƙyallen tsohon zane a matsayin samfurin duhun da nake nema.

Laraba, 23 ga Afrilu

Zaren ya dawo, kuma launin ya yi yadda nake fata, shuɗi mai duhu da ke neman komawa baƙi a cikin ɗaki amma ya buɗe a hasken rana. Saƙon da marinin ya aiko shi ne: "A gaya wa Hajiya ta wanke shi sosai kafin ta haɗa shi da fari, baba ba ya barin halinsa."

Maganarsa tana da tushe. Baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an jiƙa shi da toka a rami an bar shi ya ruɓa, sannan ya sauya ya zama abin da zai iya shiga cikin zare. Shi ya sa zaren yake fitowa daga ramin kore-kore, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Duhun kuma ba daga daɗewa a ruwa yake zuwa ba, daga yawan tsomawa da fitarwa ne. Abin da ya shafe ni shi ne cewa launin ba ya haɗewa da auduga ya zama jiki ɗaya. Maƙalewa yake yi a cikin silin da kuma bayansa, kuma wanda ke baya ɗin shi ne yake gogewa a hannu da fata da duk farin da ya raɓe shi. Babu bambanci a nan tsakanin baban ganye da na masana'anta, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara fitarwa kasuwa a 1897, domin sinadarin guda ne.

An ba ni shawarar in jiƙa shi a ruwan gishiri, wasu suka ce ruwan tsami. Ban bi ko ɗaya ba, domin babu abin da za su ɗaure. Abin da ya rage a bayan zare sai dai a wanke shi ya fita. Na yi ta ɗauraya da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ina matsewa ba tare da murzawa ba, har ruwan ya daina sauya launi. Da ya bushe a inuwa na goga shi da ƙarfi a kan farin hankici, alamar da ya bari ba ta taka kara ta karya ba. Sai bayan haka na naɗe shi dunƙule-dunƙule, a sassauce, don kada ya miƙe tun kafin ya hau allura.

Lahadi, 27 ga Afrilu

A ganina yau ce ranar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki, ko da yake ko ido ɗaya na rigar, wato madaukin zare guda a kan allura, ban ɗora ba. Na saƙa ƙyallen gwaji guda biyu da ratsinsu, ɗaya da allura mai kaurin milimita 3, ɗaya da mai 3.5, kuma duka biyun a zagaye na saƙa su, tunda haka za a saƙa rigar, hannun mutum kuwa yakan bambanta tsakanin saƙar gaba da saƙar baya. Na milimita 3 ya fito a cushe, kyakkyawa a ido, amma da tauri, kuma iska ba ta ratsa shi. Na 3.5 ya fi sakewa, yana zubowa a kan hannu, idan aka ɗaga shi ga taga ana ganin ɗigon haske a tsakanin idanun saƙar, amma ba har a ga abin da ke bayansa ba. Shi na zaɓa.

Awon da aka ɗauka daga allura kai tsaye ba abin dogaro ba ne a auduga. Kafin wanki na ƙirga idanu 25 da layi 34 a cikin santimita 10. Na wanke ƙyallen yadda za a riƙa wanke rigar, na shimfiɗa shi ya bushe, sannan na rataye shi kwana guda da 'yan maƙalan shanya a gindinsa don su yi masa irin jan da nauyin riga zai yi. Da na sake aunawa sai na sami idanu 24 da layi 32. Bambancin ido ɗaya ne tak a santimita 10, amma a zagayen ƙirji yana kai santimita 4, kuma wannan ya isa ya mayar da riga ta wani ba ta mai ita ba. Farin ratsin ya fito da tsabtarsa, kuma ƙyallen bai karkace gefe ba, abin da zaren auduga mai murɗi da yawa yakan jawo.

Ga lissafin. Ƙirjin ƙanwata santimita 96 ne, ina kuma son rigar ta sake, don haka na tsayar da idanu 252, wato santimita 105. Damtsen hannu zai ɗauki idanu 86, kusan santimita 36. Daga wuya zan fara in gangaro, da irin kafaɗar da layinta yake tasowa daga wuya ya karkata zuwa hammata, wadda ake kira da sunan Lord Raglan, hafsan Ingila da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin Watalu a 1815. Zan ɗora idanu 136: gaba 54, baya 54, kowane hannu 14. A kowane zagaye na biyu zan ƙara idanu 8, biyu a kowane layin kafaɗa, har sau 30, wanda zai kai ni ga 376: gaba da baya 114 kowanne, hannuwa 74 kowanne. Idanu 12 da zan ɗora a kowace hammata su ne za su cike jiki ya kai 252, hannu kuma ya kai 86.

Ratsin zai zama zagaye 8 na fari da 4 na shuɗi, jimla 12. Na fifita wannan a kan 6 da 3, wanda ya fi kusa da awon sojan ruwa, saboda zagaye 60 na ƙari sun rabu gida biyar daidai a kan 12, ƙarin zai ƙare a bakin ratsi, ba sai na riƙa bin lissafi biyu a lokaci guda ba. Game da nauyi, ƙyalle mai santimita 15 a kowane gefe ya ba ni giram 9 a sikelin kicin, faɗin rigar gaba ɗaya kuma zai kai kimanin murabba'in santimita 8,000, abin da ke nufin wajen giram 320. Ina cikin iyaka, amma ba da rata mai yawa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na ɗora wuya da allura mai igiya ta milimita 2.75, na yi masa baki na ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya, zagaye shida, ina murɗa kowane idon gaba ta hanyar shiga ta bayansa. Irin wannan baki a ulu yakan tsuke da kansa, a auduga kuwa kwanciya yake yi ya baje, shi ya sa na rage kaurin allurar da yawa kuma na taƙaita shi. Idanu 136 sun fi santimita 56, kai zai wuce ba tare da an ja ba, ko da da ɗankwali, kuma wuyan da ba a ja shi ne wuyan da yake daɗewa.

Bayan bakin na koma allurar 3.5, na yi layuka shida na je-ka-ka-dawo a ɓangaren baya kaɗai, ina juyawa kafin in kai gaba, don bayan wuya ya ɗaga da kusan santimita 2. In ba a yi haka ba, rigar takan zame baya, gabanta ya hau maƙogwaro. Duka waɗannan layukan da farin zare na yi su, kafin ratsin farko, domin gajeren layi a cikin ratsi zai sa shuɗin ya yi kauri a baya ya sirance a gaba. Allurar ƙarfe nake amfani da ita. Ta gora tana riƙe auduga har wuyan hannu ya gaji, ga shi kuma za ta sha baba ta riƙa shafa wa fari.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ratsi uku sun fito, kuma da su ne matsalar da kowace mai saƙar ratsi a zagaye ta sani ta bayyana. Saƙar zagaye ba zobe a kan zobe ba ce, tafiya take yi tana hawa kamar ɗinkin faifai, saboda haka ƙarshen kowane zagaye yana saman farkonsa da layi ɗaya. A launi guda babu mai lura, amma da an sauya zare sai a ga ɗan mataki a inda shuɗi ya fara, bakin ratsin bai haɗu da ɗan'uwansa ba.

Maganin da nake yi shi ne in saƙa zagayen farko na sabon launi kamar kullum, idan na dawo kan idon farko sai in ɗago idon da ke ƙarƙashinsa, na tsohon launi, in ɗora shi a allura in saƙa su tare. Wannan yana jan kusurwar sama ya sassauta matakin. A ulu dabarar takan ɓace sarai bayan wanki. A auduga mai sheƙi, wadda ba ta da gashin da zai rufe komai, ana ganin ɗan kauri idan aka matso. Don haka na ajiye farkon zagayen a kan layin kafaɗar baya ta hagu, inda ƙarin idanu ya riga ya karya tafiyar ratsin, ido kuma ba ya neman miƙaƙƙen layi a wurin.

Tambaya ta biyu ita ce ko in riƙa yanke zare a kowane ratsi ko in ja shi ta ciki. Yankewa za ta bar mini bakin zare masu yawan gaske, kuma auduga mai santsi ba ta riƙe baki. Jan shi ta ciki kuma yana da haɗarin a hango shuɗi ta bayan fari, tunda saƙar a sake take. Na zaɓi ja, ina harɗe zaren biyu a kowane zagaye na biyu, koyaushe ta fuska ɗaya, kuma ina miƙa saƙar da yatsa kafin in ci gaba don kada zaren da ke hawa ya tsuke ya tattare gefen. A bayan layin kafaɗa inuwar ba ta fita ba. Kafin in ɗauki aikin nakan wanke hannu, idan na ajiye kuma a cikin rigar matashi nake sa shi, domin farar auduga tana kama dauɗa da wuri.

Talata, 20 ga Mayu

Ƙari ya cika, idanu 376, ratsin shuɗi biyar. Na ƙara zagaye huɗu na fari ba tare da ƙari ba, zurfin kafaɗa ya kai santimita 20, kuma rabuwar jiki da hannuwa ta faɗo a tsakiyar farin ratsi kamar yadda na tsara, don idanun hammata su zauna cikin launi ɗaya. Kafin in raba na zura duka idanun a dogon zare, ƙanwata ta gwada. Hammatar ta sauka da yatsa biyu ƙasa da inda jikinta yake, kuma haka nake so, musamman da yake wanki zai ƙara mata kaɗan.

Tana cikin duba madubi ta ce, "Yaya, don Allah ki bar hannun da faɗi, kada ki tsuke shi. Ina son in riƙa tura shi sama in yi alwala a makaranta ba sai na cire ba." Na rubuta wannan a gefen lissafin, domin ya sauya tsarin hannun gaba ɗaya, kuma bukata ce da babu littafin saƙar da na mallaka da ya yi la'akari da ita.

Na mayar da farkon zagaye zuwa tsakiyar hammatar hagu. A can da kuma ɗaya gefen na mayar da ido ɗaya ya zama na saƙar baya tun daga hammata har ƙasa. Wannan siririn kwari yana kama da ɗinkin gefe, yana ba rigar wurin ninkewa, kuma a cikinsa ne matakin ratsi da zaren da ke hawa za su ɓuya.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jiki yana tafiya, ratsi biyar daga cikin takwas na ƙasan hammata sun sauka. Babu ƙari, babu ragi, idanu 252 ne a kowane zagaye. Tunda zaren ba ya ba da kai, duk jan da ake yi a yatsu da wuyan hannu yake ƙarewa, don haka ba na wuce ratsi ɗaya a zama guda, kuma nakan ɗora nauyin rigar a cinya maimakon in bar shi yana lilo daga allura. Na auna abin da ya rage: fari giram 112, shuɗi giram 95, kuma wannan zai isa. Zan ajiye aikin har bayan Babbar Sallah, domin makon nan na hidima ne, hannun da ke aikin nama da mai kuma ba shi da hurumi a kusa da farin zare.

Asabar, 14 ga Yuni

Zagaye 100 daga hammata sun ba ni ɗan fiye da santimita 31 bisa awon bayan wanki, ko da yake a kan allura tef yana nuna ƙasa da haka, kuma ban bari hakan ya ruɗe ni in ƙara ratsi ba. Jimlar ratsin shuɗi a jiki 13 ne. Gindin rigar ban yi masa baki mai tsukewa ba, domin zai kama ƙugu a kan zane ya tattare. Na raba gaba da baya, na yi wa kowanne baki na santimita 2.5 shi kaɗai, aka sami 'yar tsaga a kowane gefe. Da yake wannan ɓangare je-ka-ka-dawo ne, na lura layin da nake dawowa ya fi na tafiya sakewa, sai na riƙa dawowa da allura mafi siranta har suka daidaita. Na rufe idanun a sassauce, na ƙarfafa saman kowace tsaga da ɗinki biyu, domin nan ne wurin da ja yake taruwa idan mutum ya zauna.

Alhamis, 26 ga Yuni

Hannuwa biyu sun kammala. Na mayar da idanu 74 kan allura, na tsinto 12 daga hammata, na ƙara tsinto ɗaya a kowace kusurwa na haɗe shi da maƙwabcinsa a zagaye na gaba, domin a nan ne rami yakan buɗe, auduga kuma ba ta rufe rami da kanta. Tunda a tsakiyar fari na raba, na ci gaba da zagaye huɗu na fari sannan shuɗi, sai ratsin hannu ya yi daidai da na jiki idan aka sauke hannun. Wannan daidaito ƙaramin abu ne, amma shi ne abin da idona yake fara dubawa a kowace riga mai ratsi.

Tsarin farko shi ne in rage idanu biyu a kowane zagaye na shida, hannun ya ƙare a 58, wato santimita 24. Bakin da ya kai wannan ƙanƙanta sai an ja shi da ƙarfi kafin ya haye gwiwar hannu, kuma idan ana yi masa haka sau da yawa a yini, cikin mako guda zai saki ya rataya. Saboda haka na rage idanu biyun sau ɗaya kawai a kowane zagaye 12, a tsakiyar farin ratsi, sau bakwai, ya ƙare a idanu 72, santimita 30, wanda yake wucewa sama ba tare da an miƙa shi ba. Tsawon daga hammata santimita 30 ne har da baki, ya tsaya tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Hannu na biyu na saƙa shi ina ƙirga zagaye, ba ina aunawa da tef ba, kuma da na ɗora su a kan juna sun yi daidai.

Asabar, 5 ga Yuli

Bakin zaren da suka rage ba su da yawa, amma sun ci yini guda. Kowanne na raba silinsa gida biyu, na zura rabi a allurar ɗinki mai tsini, na bi ta cikin jikin idanun ta ciki, ba ta ƙarƙashinsu kawai ba, na tafi kusan santimita 3 na juyo. Ɗaya rabin kuma na kai shi ta ɗaya fuskar. Shuɗi a bayan shuɗi, fari a bayan fari. Daga nan na ɗauki kwarashi na yi sarƙa mai ɗan tsauri ta ciki, daga layin kafaɗa zuwa layin kafaɗa ta bayan wuya, domin rigar da aka saƙa daga sama ba ta da ɗinkin da zai ɗauki nauyinta, kuma wannan sarƙa ce za ta tsaya a madadinsa.

Na wanke ta da ruwan sanyi, ita kaɗai, ban bar ta ta jiƙa a baho ba. Ruwan farko ya ɗan nuna shuɗi, na biyu ya fito garau, farin ratsin kuma bai sauya ba. Na naɗe ta a tawul na taka don ruwan ya fita, sannan na shimfiɗa ta a kan busasshen tawul a ɗaki, ina daidaita ta da tef. Da yake ruwan sama ya zauna, sai da ta kwana biyu ina juya ta kafin ta bushe. Jiƙaƙƙiyar auduga tana da nauyi ƙwarai, kuma da an rataye ta a igiya da tsawon da za ta yi ba zai koma ba.

Awon bayan bushewa shi ne: ƙirji santimita 105, daga hammata zuwa ƙasa 34, hannu 30, nauyi giram 312. Fari ya rage giram 22, shuɗi 48, ban da abin da ƙyallen gwaji suka ci. Ƙanwata ta sa ta ranar Alhamis tun safe har dare, da ta dawo na sake aunawa, tsawon ya ƙaru da santimita ɗaya, wuya kuma bai motsa ba. Na gaya mata ta riƙa ninke ta a cikin durowa, kada ta rataye ta, kada kuma ta bar ta a rana, domin rana tana cin baba. Ragowar zaren na ɗaure su tare da takardar lissafin da ƙyallen gwaji na ajiye don gyara, kuma zan sake ɗaukar awon tsawo da na wuya a ƙarshen Agusta, bayan ta sha wankin damina.